Babur ya daɗe a ajiye, yana zubar da mai: a duba kafin a buɗe inji

Daga Dan Isa zuwa Jibiya, daga Konni zuwa Illela, babur shi ne jakin ɗan kasuwa a yau. Amma sau biyu cikin ƴan shekarun nan harkar iyaka ta tsaya: Najeriya ta rufe iyakokinta daga watan Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, sannan takunkumin CEDEAO ya sake rufe su daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Babura da dama sun kwana a zaure wata da watanni. Ko ba rufe iyaka, tafiya ci-rani ko jinya kan sa a jingine babur. Ranar da aka fito da shi kuwa, sai a tarar da baƙin mai a ƙasa. Nan take hankali ya tashi, a garzaya gareji a ce a buɗe inji.

Muna jan hankalin ƴan kasuwarmu da su dakata. Sau da yawa abin da ya lalace ƙaramar roba ce, kuɗinta bai kai na lita ɗaya ta baƙin mai ba.

Dalilin yoyon shi ne, robobin da ke tare mai, waɗanda makanikai ke kira sil, suna zama da laushi ne muddin mai na ratsa su. In babur ya tsaya, mai ya koma ƙasan inji, zafin bazara da ke wuce digiri 40 ya busar da su, sai su ƙandare ko su tsattsage.

Abu na farko, kada a tayar da inji. A kafe babur a kan ƙafa biyu a wuri mai shimfiɗe, a zaro geji a duba, a kuma sunsuna. Ƙananan baburan da muke hawa kamar lita ɗaya suke ci. In man ya haura alama, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur, to an bar makunnin tanki a buɗe, fetur ya bi ta kafireta ya gangara cikin inji. Irin wannan mai ba ya kare ƙarfe, kuma ko ƙaramar kafa yana bi ya fita. A yi juye, a gyara allurar kafireta.

Abu na biyu, a duba tiyon da inji ke shaƙar iska da shi. Zanzaro na son gina ɗakinsa na laka a cikin irin wannan rami. In tiyon ya toshe, iska ta taru a cikin inji, sai ta turo mai ta kowace roba, ko da sabuwa ce. Tsinke ko waya ta isa magani.

Abu na uku, a gano asalin yoyon. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar tafiya kuma ta kai shi baya, saboda haka inda yake ɗiga ba lalle nan ne ya fito ba. A wanke inji da kananzir da sabulu, a bar shi ya bushe sarai, a barbaɗa masa toka mai laushi ko garin alli. A tayar da shi kamar minti 10, sannan a kashe. Wurin da ya fi kowane tsawo inda tokar ta jiƙe, nan ne ɓarnar take.

Wuraren da aka fi samu su ne washar notin juye da ke ƙasa, robar sandar giya, robar kik, robar bayan ƙaramin sifaket, da gasket na murfin kan inji. Dukansu ana canza su ba tare da an raba inji biyu ba. Man da ke bin ƙafar gaba kuwa na shokazoba ne: tsatsa ta kama ƙarfen, ta yanke robar. A lura kuma, man sarƙa da ya fantsama ba yoyo ba ne.

Akwai ɗan gumin mai da kan tsaya da kansa bayan an yi kwana biyu ana hawa, don robar ta sake laushi. Amma man da ke ɗiga, ko ya kai ga tayar baya ko birki, ba a ɗaukar kaya da shi. Buhu biyu na masara a kan taya mai santsi, rai ne a hannun Allah. In kuma salansa na fitar da shuɗin hayaƙi da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, to mai na ƙonewa a ciki, wannan ne aikin babban makaniki.

Masu sayen babur na hannu a kasuwa su ma su kula: injin da aka wanke fes yana iya ɓoye yoyo. A nemi a tayar da shi, a ajiye kwali a ƙarƙashinsa, a jira.

Mai shirin ajiye babur kuma, ya yi juye tukuna, ya rufe makunnin tanki, ya sa shi a inuwa, ya bar wa wani amanar tayar da shi duk bayan mako biyu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.