Ginin Tafkin Kifin Koi: Kaurin Bango da Hanyoyin Gini

Koi kifi ne na ado, mai launin fari da ja da baƙi da ruwan zinariya. Asalinsa ƙasar Japan, a lardin Niigata, inda manoman shinkafa na Ojiya da Yamakoshi suka fara zaɓen irinsa tun farkon ƙarni na 19. Bai shahara ba sai a shekarar 1914, da aka kai shi wurin baje koli a birnin Tokyo. Danginsa ɗaya da kifin da aka kawo gonar kifi ta Panyam, a ƙasar Filato, cikin shekarun 1950. Koi ya kan kai santimita 60 zuwa 90, ya kan kuma yi shekaru da yawa a raye. Saboda haka tafkinsa ya na bukatar zurfin mita 1.2 ko fiye, da bangon da zai daɗe.

Nauyin Ruwa

Abin da mai gini zai fara sani shi ne nauyin ruwa. Lita 1,000 nauyinta tan ɗaya ne. Tafki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, zurfin mita 1.5, ya na cin lita 18,000, watau tan 18.

Ruwa ya na danna ƙasa, ya na kuma tura bango, kuma zurfi ne ya ke ƙara ƙarfin turawar, ba faɗin tafki ba. In zurfin ruwa mita ɗaya ne, kowace mita ta tsawon bango ta na tare ƙarfin rabin tan. In zurfin ya zama mita 2, ƙarfin ya zama tan 2. Watau in an ninka zurfi sau biyu, turawar ta ninku sau huɗu. Mafi yawanta kuwa a gindin bango ta ke, shi ya sa tafki ya kan fara tsagewa a mahaɗar bango da daɓe.

Cikin Ƙasa ko Bisa Ƙasa

Tafkin da aka haƙa cikin ƙasa mai ƙarfi ya na da mataimaki, gama ƙasar da ke bayan bango ta na tokare shi. Amma ran da aka kwashe ruwan don wanki, sai al'amari ya juya: ƙasa ce za ta tura bangon zuwa ciki, balle da damina in ta sha ruwa. Tafkin da aka ɗaga bisa ƙasa kuwa ba shi da abin tokara, bangon kaɗai ke ɗauke da dukan nauyin. Lalle ne a ba shi kauri da rodi fiye da na cikin ƙasa.

Hanyoyin Gini

Ta farko, tafkin laka. A Niigata masu kiwo su kan saki kifi cikin tafkunan laka da bazara, su kama shi da kaka su mai da shi tafkunan kankare na cikin rumfa, don tsananin dusar ƙanƙara. Tafkin laka ya na son fili da yumɓu mai riƙe ruwa, bai dace da tsakar gida ba.

Ta biyu, shimfiɗar roba mai kaurin milimita ɗaya. Robar ta na hana yoyo, amma ba ta riƙe ƙasa. Sai a kishingiɗar da gefen ramin, ko a gina bulo a bayanta, a kuma tsince duwatsu da saiwoyi masu kaifi kafin a shimfiɗa.

Ta uku, bulo. Bulo mai inci 6 ya isa ƙaramin tafki na cikin ƙasa wanda zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba. In ya wuce haka, ko kuwa bangon ya fito bisa ƙasa, a yi da mai inci 9, a tsai da rodi mai milimita 12 cikin ramukan bulo, a cika su da kankare. Bulon da ba a cika ba, kome kaurinsa, ba abin dogara ba ne.

Ta huɗu, zubin kankare cikin katako, kaurin santimita 15 zuwa 20, da rodi a tsaye da a kwance. Ita ta fi ƙarfi, ita ta fi tsada. Tafkin da zurfinsa ya kai mita 2, ko wanda za a gina a ƙasa mai laushi, kada a taɓa shi sai da shawarar injiniya.

Daɓe da Gamawa

Bango ba ya fin gindinsa ƙarfi. A zuba daɓen kankare mai kaurin santimita 15 da ragar ƙarfe a ciki, haɗin siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4. A lanƙwasa rodin bango ya shiga cikin daɓen, don su zama jiki ɗaya. Bututun zubar da ƙazanta mai inci 4, a binne shi tun kafin zubi, gama fasa daɓe daga baya shi ke kawo yoyo.

A riƙa jiƙa kankare har kwana 7, ƙarfinsa kuwa ba ya cika sai wajen kwana 28. Sa'an nan a yi filasta mai santsi, don kaushi ya na goge saɓar kifi. Sabon siminti ya na fitar da sinadari mai ƙona jikin kifi, saboda haka a shafa fentin hana yoyo wanda ba ya cutar da kifi, ko a cika tafkin a zubar sau da yawa, a kuma gwada ruwan kafin a saki koi. A ƙarshe a kewaye tafkin da shinge saboda yara.

Kuɗin da aka rage wajen rodi da siminti, shi a ke biya ninki in bango ya tsage da kifi a ciki. Hausawa sun ce araha ba ta ado.