Akurki: Matakin farko na ceton 'yan tsaki daga shirwa da sanyi

A gidaje da dama na karkara, kaza kan shafe kwana 21 tana kwanci, ta ƙyanƙyashe 'yan tsaki cike da kwando, amma kafin wata ya zagayo sai a ga kaɗan ne ke bin ta. Shirwa ta sure wasu, muzuru da gafiya sun yi dare da wasu, sanyi ya ƙarasa sauran.

Wannan asara ta fi shafar mata, domin galibi kajin gida nasu ne, kuma da kuɗinsu ake sayen magani ko littafin yara.

Mafita ita ce a ware uwar da 'ya'yanta daga sauran kaji na mako huɗu zuwa shida. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya fito, shi ya sa yake shigewa ƙarƙashin fukafukan uwarsa.

Akurkin ƙasa ya wadatar, muddin yana shan iska, ba ya yoyo, kuma ana toshe ƙofarsa da dare. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa, a riƙa sauya shi idan ya jiƙe. Da rana a kife su da babban kwando a inuwa, a zuba musu tsaki, dusa da gara. Ruwa kuwa a faranti marar zurfi, a jefa tsakuwa ciki don kada su nutse.

Sai dai akurki ba ya hana cutar Newcastle, wadda ke yawaita da hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato na samar da rigakafinta, kuma ma'aikacin lafiyar dabbobi ne zai faɗi lokacin yin sa.