Kenyuwa: Itaciyar Da Ke Tsirowa Inda Sauran Itatuwa Suka Gaza

A yammacin ƙasar Bolibiya, cikin Amurka ta Kudu, akwai wani dutse mai suna Sajama wanda tsayinsa ya kai mita 6,542. Shi ne mafi tsawo a ƙasar. Wurin busasshe ne ƙwarai. Ruwan sama kaɗan ne, galibinsa kuma tsakanin watan Disamba da Maris yake sauka. Da rana zafin rana ya gasa ƙasa, da dare kuwa sanyi ya daskarar da ruwa. Duk da haka, a jikin dutsen nan wata ƙaramar itaciya take tsirowa, wadda mutanen wurin ke kira kenyuwa, masana kuma suka sa mata suna Polylepis tarapacana.

Abin mamaki, dangin furen wardi ce da tuffa, ko da yake ba ta da ƙayataccen fure ko 'ya'ya masu zaƙi. Iska ce ke yi mata barbara, don haka ba ta bukatar jawo ƙudan zuma. Ana samunta tun daga misalin mita 4,000 har sama da mita 5,000, watau tana cikin itatuwan da suka fi kowanne hawa sama a duniya. Ban da Bolibiya, akwai ta a kan iyakokin Cile da Peru da Ajantina.

Ba ko'ina take fitowa a jikin dutsen ba. Ta fi son gangara mai duwatsu, domin dutse yakan riƙe zafin rana ya sake shi da dare, ya kuma ɓoye laima a ƙarƙashinsa. Ta kuma fi yawa a gefen da ke fuskantar arewa, saboda a wancan sashe na duniya ta arewa rana take karkata. Ɓawonta ja ne, ninki bisa ninki kamar takardu, ganyenta kuwa ƙanana ne masu kauri, ba su saurin zubar da ruwa.

Amma fa girmanta sannu a hankali ne. Zoben da gindinta ke ƙarawa a shekara sau da yawa bai kai faɗin milimita ɗaya ba. Itaciyar da ba ta wuce tsayin mutum ba tana iya yin shekaru ɗaruruwa a duniya, har masana kan ƙirga zobbanta don sanin shekarun fari da na damina mai albarka a zamanin da.

A nan matsalar take. A wurin da babu wani itace, ita ce makamashi, ita ce ta jinka. An daɗe ana sare ta ana yin gawayi domin ma'aikatun haƙar ma'adinai, abin da gatari ya kayar a yini guda kuwa jikoki ma ba za su ga madadinsa ba. Wannan ya sa a 1939 gwamnatin Bolibiya ta keɓe Sajama, ya zama gandun daji na ƙasa na farko a can. Al'ummar Aimara, masu kiwon dabbar lama da alfaka, suna zaune a cikin gandun, ana kuma damawa da su wajen kula da shi.