Tsirya, Ƙanwar Aku

Duk wanda ya ratsa gonakin da ke tsakanin Kankiya da Kusada lokacin kaka, sa'ad da dawa ta nuna, ba mamaki ya ji wani kuka mai kaifi daga saman kuka ko tsamiya, ya ga koren tsuntsu mai jan baki da doguwar wutsiya ya gifta. Wannan ita ce tsirya, wadda jama'a da yawa suke haɗa ta da aku, alhali aku mai ruwan toka ne, ɗan kurmin kudu, shi ne Alhaji Abubakar Imam ya naɗa waziri a Magana Jari Ce. Tsawon tsirya ya kai santimita 40, fiye da rabinsa wutsiya ce, namijin kuma yana da zobe a wuya. Masana sun ba ta suna Psittacula krameri, Scopoli ne ya fara siffanta ta a 1769. Game da rubutu kuwa, boko ya haɗa haruffa biyu, t da s, don sautin farkon sunanta, amma malaman ajami, da hikimarsu, sai suka ɗauki harafin ɗa na Larabci suka ɗora masa ɗigo uku.