Jirgin haɗin gida: siririyar waya ɗaya na iya ƙone aikin shekara guda

A shekarar 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Jirgin ya tashi, amma bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, kuma shi da kansa ya ce ba shi da na'urorin auna tsayi da matsin iska.

Duk matashin da ke mafarkin irin wannan aiki a Dundaye, dab da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, hankalinsa kan tafi ga inji da farfela. Sai dai wayoyin lantarki da na'urorin gaban matuƙi su ne inda haɗari ya fi ɓuya.

Ga yadda abin ke faruwa. Girgizar inji na sa waya ta riƙa goga jikin ƙarfe har robarta ta cinye. Da zarar jan ƙarfen ciki ya taɓa gangar jirgin, batir zai turo wuta mai yawa, wayar ta yi jajir. Idan tiyon fetur na kusa, gobara ta tashi ke nan. Direban mota zai faka a gefen titi, amma matuƙi sai ya sauko tukuna. Ko manyan jirage ba su tsira ba: a 1998 gobarar da ta faro daga wayoyi ta kayar da jirgin Swissair a tekun Kanada, mutum 229 suka rasu.

Maganin bai da tsada. Kowace waya ta samu fis daidai kaurinta, a kusa da batir. A ɗaure wayoyi nesa da tiyon mai da salansa. A sa babban makunni ɗaya da ke yanke wutar jirgin gaba ɗaya. A guji wayar mota mai robar PVC, domin hayaƙinta guba ne a rufaffen wuri.

Sai batun wayar salula. GPS ɗinta gudun jirgi a kan ƙasa yake nunawa, ba gudun iskar da ke ratsa fiffike ba, alhali wannan iskar ce ke riƙe jirgi a sama. Ga kuma zafin Sakkwato da ke haura digiri 40 a watan Afrilu: wayar da ta sha rana na iya kashe kanta, batirin litiyom kuma na iya kumbura ya kama da wuta. Saboda haka na'urar auna gudun iska da ta tsayi, irin waɗanda ba sa buƙatar lantarki, dole ne su kasance a gaban matuƙi.

Kafin gwajin tashi kuwa, a nemi izinin hukumar NCAA, a kuma kira ƙwararren injiniyan jirgi ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya.