Wayar Hannu Mai Nuna Hanya

A zamanin da, in ayarin gishiri zai ƙetare hamada daga Agadas zuwa Bilma, sai a nemi jagora wanda ya san taurari. In dare ya yi, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya san inda za a dosa. Har wa yau taurari na nuna wa matafiya hanya, amma na yanzu ɗan Adam ne ya ƙera su, ya harba su sama. Abin da ke sauraronsu kuwa ita ce wayar hannu da ku ke gani wurin iyayenku.

Mutanen Amurka suka fara wannan dabara, ana ce da ita GPS. Sun harba tauraro na fari a 1978, zuwa 1993 suka cika 24. Tsakaninsu da ƙasa wajen kilomita 20,000 ne, ko wanne kuwa ya kan kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma suna da nasu.

Watakila ku ce, ƙaƙa abin da ke can sama zai gaya mana inda mu ke? To, kun lura da damina a kan ga walƙiya tukuna, sa'an nan a ji tsawa. In tsawar ta jinkirta, mun san hadarin yana nesa. Lissafin waya kusan haka ya ke. Ko wane tauraro yana ɗauke da agogo mai daidai ƙwarai, kullum yana aiko da saƙo irin na rediyo, yana faɗin inda ya ke da lokacin da ya yi aiken. Waya ta kan auna jinkirin saƙon, ta gane nisan tauraron. In ta ji daga taurari huɗu, sai ta san inda ta ke, ta sa ɗigo shuɗi a kan taswira.

Taurarin nan ba su karɓar ko kwabo, ba su kuma bambanta wayar attajiri da ta talaka. Ba a bukatar kati ko sabis kafin a ji su. Sabo da haka babu dalilin mutum ya ci bashi ya sayi waya mai tsada don nuna hanya kaɗai. Mai araha ma ta isa, muddin an duba abu huɗu.

Na fari, a tabbata tana da GPS, gama yawancin ƙananan wayoyi masu maɓallai ba su da shi. A kan rubuta a jikin kwali.

Na biyu, batir. Nuna hanya yana shan caji, domin fuskar wayar a kunne ta ke muddin ana tafiya. In an ga 5000 mAh a kwali, batirin babba ne.

Na uku, rumbun ajiya. Taurari ba su aiko da taswira, ta intanet ta ke zuwa, wannan kuwa sai da data. Mai dabara ya kan sauke taswirar wurin da za shi tun yana gida, da Google Maps ko makamancinsa, don ta yi masa aiki a daji inda babu sabis. Rumbu mai 64 GB ya wadatar.

Na huɗu, kamfas. Shi ne ke nuna inda mutum ya fuskanta ko yana tsaye, da shi kuma a ke neman alƙibla. Waɗansu wayoyi masu araha ba su da shi.

Bayan wannan duka sai gwaji, gama ba a cinikin biri a sama. A fita da wayar fili, don rufin kwano da na siminti suna tare saƙon taurari. A buɗe taswira, a jira ɗigon ya tsaya daidai inda a ke, a taka kaɗan a ga ko yana biye. In ya yi, a biya, a karɓi rasit.

Amma ku sani, taswira aikin mutane ce. Akwai turbar ƙauye da ba ta ciki, ba kullum ta ke sanin gadar da ruwa ya karya jiya ba. In kun yi shakka, ku yi sallama ku tambayi mutanen wurin da ladabi. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Daga taurari nawa waya ke ji kafin ta san inda ta ke?
2. Don me a ke gwada waya a fili?
3. Faɗi abu huɗu da mai saye zai duba.