Wayar salula da wasan Balot a birnin Jidda

A tsofaffin unguwannin kudancin Jidda, irin su Sa'alaba da Sabil da Karantina, inda Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma suka daɗe da zama, hirar dare ba ta cika ba sai da shayi da karta. Wasan da ya fi karɓuwa a ƙasar Saudiyya shi ne Balot, wanda mutum huɗu ke yi, bibbiyu a kowane ɓangare, da kati 32. Ɓangaren da ya fara kai maki 152 shi ya yi nasara.

A da, da biro da takarda ake lissafin makin, kuma sau da yawa a nan gardama ke tashi. Yanzu manhajar waya ce ke wannan aiki. Martabar wasan ta ƙaru a shekarar 2018, lokacin da hukumar wasanni ta ƙasar ta shirya gasarsa ta farko a Riyadh.

To amma rusau ɗin da hukumomi suka yi tsakanin 2021 da 2022 ya shafi waɗannan unguwanni, maƙwabta suka watse. A nan ne wayar ta sami wani sabon aiki: manhajoji irin su Kammelna na haɗa abokan wasa huɗu ko da kowa yana gari dabam.

Waya dai ta iya lissafi, ta kuma rage nisa. Sai dai ba ta mayar da dandalin da aka rushe.